Balan-balan Ya Zama Raƙumin Dawa: Me Yaro Ke Koya A Wannan Wasa?

Ranar Sallah, duk wanda ya bi ta Gamji Gate ko Dandalin Murtala a Kaduna ya san yadda yara ke yanyame mai balan-balan. A bukukuwan makarantu ma akan ga wanda zai ɗauki dogon balan-balan, ya murɗa nan ya murɗa can, kafin ƙiftawa da bisimilla ya fito da zomo. Ni a ganina, yaron da aka ba shi ya murɗa da hannunsa ya fi wanda aka saya wa gamamme riba. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi.

Wane irin balan-balan ake amfani da shi?

Dogon nan siriri, wanda masu sana'ar ke kira 260. Lambar tana nufin kaurinsa inci 2, tsawonsa inci 60 idan an cika shi da iska, wato kusan mita ɗaya da rabi. Da ƙaron itacen roba ake yin sa, irin itacen da ake nomawa a jihohin Edo da Delta. Hura shi da baki na da wuya ko ga babba, don haka a nemi ɗan famfon hannu. Asalin balan-balan na roba kuwa daga ɗakin bincike ya fito: masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ya haɗa shi a 1824 don gwajin iskar haidirojin.

To, ban da nishaɗi, me yake koya?

Babban darasin yana zuwa tun kafin murɗar farko. Ba a cika balan-balan har ƙarshe. Sai an bar wutsiya, kamar faɗin yatsu huɗu, babu iska a ciki. Dalili shi ne kowace murɗa tana tura iska gaba, kuma wutsiyar nan ce ke karɓar ta. Yaron da ya cika shi tam saboda ɗoki, yana kaiwa ƙafafun baya zai ji tau! Sau biyu ko uku haka ta faru, zai fara tsayawa ya tambayi kansa: murɗa nawa zan yi, wuri nawa zan bari? Yaro ɗan shekara takwas yana lissafin abin da bai faru ba tukuna, ba tare da an tsare shi da allo ba. Wannan shi ya fi burge ni a wasan.

Sai awo. Kunnuwa biyu dole su zo daidai, ƙafafu ma haka, in ba haka ba dabbar ta karkace kuma yaron zai gani da idonsa. Ginin kusan iri ɗaya ne: hanci, kunnuwa, wuya, ƙafafun gaba, jiki, ƙafafun baya, wutsiya. Ka tsawaita wuya ka sami raƙumin dawa, ka tsawaita kunnuwa ka sami zomo, amma duk abin da ka ƙara wa wuya daga jiki ka rage shi. Darasin lissafin rabi da na kwata ke nan a tafin hannu.

Yatsu ma suna samun nasu. Yana riƙe kumburin farko da ƙaramin yatsa don kada ya warware, sauran yatsun suna murɗawa, kuma duk murɗar ta fuska ɗaya za ta tafi. Yatsun nan su ne masu riƙe fensir da alƙalami. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta gwangwani mun san wannan makarantar, kayan aikin ne kawai suka sauya.

Akwai kimiyya a ciki?

Akwai, kuma hunturun Kaduna na taimakawa. A goga balan-balan a gashin kai a manna shi a bango, zai tsaya, saboda gogar ta tara masa cajin lantarki. A busasshiyar iskar Disamba da Janairu abin ya fi kamawa, da damina kuwa laima kan ɓata shi. A ajiye wani a rana a watan Maris, iskar ciki ta faɗaɗa, robar ta yi rauni, ya fashe. Bari yaron ya fara faɗin nasa dalilin kafin ka gaya masa.

Idan ya fashe yaron ya sa kuka fa?

Zai fashe, ko a hannun gwani yana fashewa. A miƙa masa wani, kada a yi masa dariya, kada kuma a karɓe a yi masa. A yanke masa farce, a saki 'yar iska kaɗan kafin a ɗaure bakin don ya yi laushi.

Siffar dabba ba ta da matsala a addini?

Malamai da yawa sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha da ke cikin Bukhari, da dokinta mai fukafukai da Abu Dawud ya ruwaito. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kafin nan kuma fure, takobi da hula dukkansu da murɗa iri ɗaya ake yin su.

Shekara nawa ya kamata ya fara?

A nan babu wasa. Gargaɗin da ake bugawa a jikin ledar balan-balan ya ce yara 'yan ƙasa da shekara 8 na iya shaƙewa da wanda ba a hura ba ko guntun da ya fashe. Robar kan liƙe a maƙogwaro ta toshe numfashi, kuma ciro ta na da wuya. Saboda haka ƙananan su yi kallo su zaɓi launi, babba yana zaune tare da su. A hana tsotsar guntu don yin ƙaramin kumburi, wasan da yaranmu ke so ƙwarai. Yaron da roba ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe a raba shi da ita. Da an gama a tsince guntayen nan take, kafin mai rarrafe ko akuyar gida su riga ku.