Adireshin dillalin saƙo a bayanan muhalli

Adireshin dillalin saƙo layi guda ne na rubutu da ke faɗa wa ma'aikacin bayan fage, wato manhajar da ke aiwatar da ayyuka a bayan shafin intanet, inda zai je ya karɓo aiki. A yawancin manhajojin intanet na yau ba a rubuta shi a cikin kod ɗin manhajar. Ana ajiye shi ne a bayanan muhalli, wato sunaye masu ɗauke da ƙima da babbar manhajar kwamfuta ke miƙa wa kowace manhaja a lokacin da take tashi. Masu sana'ar kan taƙaita sunan waɗannan bayanai da env. Sunayen da aka fi sani a wannan fage su ne CELERY_BROKER_URL da REDIS_URL.

Ɓangarori uku

Wasu ayyuka sun fi ƙarfin a bar mai amfani da shafi yana zaune yana jiransu: tura imel dubu, rage girman hoto, haɗa rahoton wata. Shafin sai ya rubuta ɗan saƙo mai cewa a yi kaza, ya miƙa wa dillali, ya koma kan harkarsa. Dillalin, wanda galibi RabbitMQ ne ko Redis, yana riƙe saƙonnin a layi. Ma'aikacin kuwa wata manhaja ce dabam, sau da yawa a wata kwamfutar ma, yana ɗauko saƙo ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa. Mai turawa da ma'aikaci ba sa haɗuwa, ba su ma san juna ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne adireshin nan.

Tarihi

Bayanan muhalli sun girmi duk manhajojin da aka ambata a sama. Siffarsu ta yanzu ta fito ne da Unix bugu na 7, wanda Bell Labs ta Amurka ta fitar a 1979, tare da shel, wato manhajar da ake buga wa kwamfuta umarni a cikinta, wanda Stephen Bourne ya rubuta. Ƙa'idar da aka kafa a lokacin ba ta sauya ba har yau: idan manhaja ta tayar da wata, sabuwar tana samun kwafin muhallin uwarta. Kwafi ne, ba asalin ba. Duk gyaran da aka yi daga baya a wani wuri ba zai iso wa manhajar da ta riga ta tashi ba. Daga Unix tsarin ya bazu zuwa DOS a farkon shekarun 1980, daga nan zuwa Windows.

Dillalan saƙo sun bi tasu hanyar. IBM ta fitar da MQSeries a 1993, kuma tsawon lokaci irin waɗannan manhajoji na manyan kamfanoni da bankuna ne. A wajajen 2003 John O'Hara na bankin JPMorgan Chase ya fara aikin ƙa'idar AMQP domin a samu yare guda da kowane dillali zai ji. RabbitMQ, wanda aka rubuta da harshen Erlang, ya fito a 2007 yana magana da wannan yare. A 2009 Salvatore Sanfilippo ya fitar da Redis, a shekarar kuma Ask Solem ya fara Celery, manhajar tura ayyuka ga dillali da tafiyar da ma'aikata, don masu rubutu da harshen Python. Sidekiq na Mike Perham, mai irin wannan aiki don masu harshen Ruby, ya biyo baya a 2012.

A farkon Celery adireshin a warwatse yake. Akwai BROKER_HOST, da BROKER_PORT, da BROKER_USER, da BROKER_PASSWORD, da BROKER_VHOST, kowanne a layinsa cikin fayil ɗin saiti. Wajen ƙarshen 2011 aka fara karɓar duka a dunƙule a matsayin BROKER_URL. Wannan ƙaramin sauyi ne a ido, amma shi ya sauƙaƙa abin da ya biyo baya, domin layi guda ya fi biyar sauƙin miƙawa ta muhalli.

Al'adar kanta Heroku, wani dandalin ɗora manhajoji a intanet, ce ta fi yaɗa ta. Idan mutum ya ƙara rumbun bayanai ko Redis a manhajarsa ta can, dandalin da kansa ke saka masa suna irin DATABASE_URL ko REDIS_URL a muhalli. Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya tattara wannan salo a rubutun The Twelve-Factor App a wajajen 2011. Ƙa'ida ta uku a ciki ta ce a ajiye saiti a muhalli, ta huɗu kuma ta ce a ɗauki dillali da rumbun bayanai a matsayin kayan da ake jonawa a cire ta hanyar sauya adireshi kawai. Gwajin da rubutun ya bayar mai kyau ne ƙwarai: shin za a iya buɗe kod ɗin ga duniya yanzu-yanzu ba tare da wata kalmar sirri ta fita ba? Da Docker ya zo a 2013, aka wayi gari kwantena guda, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, ake ɗauka daga kwamfutar mai rubutu zuwa wurin gwaji zuwa sabar aiki, muhalli kaɗai ke bambanta su. A 2016 Celery 4.0 ya mayar da sunayen saiti ƙananan haruffa, BROKER_URL ya koma broker_url.

Siffar adireshin

Adireshin yana bin tsarin da RFC 3986 ta 2005 ta shimfiɗa. Wanda Celery ke komawa gare shi idan ba a ba shi komai ba shi ne:

amqp://guest:guest@localhost:5672//

Farko nau'in dillali, sai sunan shiga da kalmar sirri, sai sunan kwamfuta bayan alamar @, sai lambar ƙofa. Alamomin / biyu na ƙarshe ba kuskuren bugu ba ne: na farko rabewa ne, na biyu kuma sunan ɗakin farko ne a RabbitMQ, wanda ke raba layukan saƙo ɗaki-ɗaki, domin ɗakin sunansa / ne. Na Redis ya fi sauƙi:

redis://redis:6379/0

Sifilin ƙarshe lambar rumbu ce daga cikin 16 da Redis ke zuwa da su, 0 zuwa 15. Idan ana son hanyar ta zama a rufe daga masu leƙe, ana rubuta amqps, ƙofa 5671, ko rediss da s biyu. Kalmar sirri mai alamomi na musamman dole a sauya mata rubutu: @ ta zama %40, / ta zama %2F, # ta zama %23. In ba haka ba mai karanta adireshin zai iya yanke shi a wurin da bai dace ba. Celery na karɓar adireshi fiye da ɗaya idan aka raba su da alamar ; domin idan ɗaya ya faɗi a koma ɗayan.

Wanda ke rinjaye

A nan ake yawan ruɗewa. Celery na duba CELERY_BROKER_URL a muhalli kafin ya duba fayil ɗin saiti, don haka tsohuwar ƙima da aka manta a muhalli za ta danne sabuwar da aka rubuta a kod. Kuma ba kowane saiti ake karantawa ta wannan hanya ba. Adireshin dillali da CELERY_RESULT_BACKEND suna cikin ƙalilan da Celery ke ɗauka da kansa, sauran sai mai rubutu ya karanto su ta os.environ. Masu Django, tsarin gina shafukan intanet da Python, suna da ƙarin ruɗani, domin al'adarsu ita ce su rubuta suna iri ɗaya sak, CELERY_BROKER_URL, a cikin settings.py. Suna ɗaya, wurare biyu.

Sidekiq na karanta REDIS_URL, Airflow kuma, manhajar tsara jerin ayyuka, AIRFLOW__CELERY__BROKER_URL.

Kurakuran da aka saba gani

Alamar da kowa ya sani ita ce ma'aikaci ya tashi yana maimaita cewa ya kasa haɗuwa da amqp://guest:**@127.0.0.1:5672//, zai sake gwadawa bayan daƙiƙa 2, sai 4, sai 6. Mutumin da ya saita Redis ya ga amqp da guest a allonsa, to ba dillalin ke da matsala ba. Ƙimar ce ba ta iso wa ma'aikacin ba, ya koma adireshin asali. Dalilan kusan duka daga ƙa'idar gado ta 1979 suke fitowa. An rubuta ƙimar a shel ba a yi export ba, wato umarnin da ke sa manhajojin da aka tayar su gaje ta. An saka ta a .bashrc, alhali systemd, mai tayar da hidimomi a Linux, ne ke tayar da ma'aikacin, shi kuwa ba ya karanta wannan fayil, Environment= ko EnvironmentFile= yake dubawa. An ba kwantenar shafi ƙimar, an manta da ta ma'aikaci. Ko kuma an gyara fayil ɗin .env, inda ake rubuta waɗannan ƙimomi, ba a sake tayar da ma'aikacin ba.

A cikin kwantena localhost na nufin kwantenar kanta, shi ya sa a Docker Compose ake rubuta sunan hidimar, kamar redis ko rabbitmq. Tun bugu na 3.3 a 2014, RabbitMQ ba ya barin guest ya shiga daga wata kwamfuta dabam.

Mafi wuyar ganowa shi ne kuskuren da ba ya yin ƙara. Shafi na zuba saƙo a /0, ma'aikaci na jira a /1. Dukansu sun haɗu da dillali lafiya, babu jan rubutu ko ɗaya, saƙonni na taruwa, imel ba ya fita. Layin transport da Celery ke bugawa a allo lokacin tashi shi ke nuna adireshin da ma'aikacin ya kama a zahiri, kuma shi ya kamata a fara kwatantawa da na shafin.

Saɓani kan tsaro

Ba a haɗu a kan ko muhalli wuri ne da ya dace da kalmar sirri ba. Masu goyon baya na cewa ya raba sirri da kod. Masu suka na nuna cewa ana iya karanta shi ta /proc ko docker inspect, kowace ƙaramar manhaja da aka tayar tana gadonsa, kuma yakan faɗa cikin rahoton kuskure. Sun fi son fayil na musamman, irin wanda Docker ke ajiyewa a /run/secrets. Abin da babu gardama a kansa shi ne fayil ɗin .env mai ainihin kalmar sirri ba ya shiga Git, wato ma'ajiyar kod.