Ba tsadar harajin shayi ce ta raba Amurka da Ingila ba

An daɗe ana cewa nauyin harajin shayi ne ya sa yankuna 13 na Amurka suka ɓalle daga Birtaniya a 1776. Wannan bayani ya gaza. Dokar shayi ta 1773 rage farashin shayin ma ta yi, kuma harajin da mazauna yankunan ke biya bai kai na mutanen Ingila ba. Abin da ya yi musu ciwo shi ne majalisar Landan, wadda ba su da wakili ko ɗaya a cikinta, ta ce tana da ikon ɗora musu duk abin da ta ga dama.

Ko bayan da aka fara musayar wuta da sojojin Birtaniya a garuruwan Lexington da Concord a Afrilun 1775, yawancinsu sulhu suke nema. Sun aika wa Sarki George III takardar roƙo, ya ƙi ko dubawa, ya ayyana su 'yan tawaye a Agusta. A Disamba majalisar Landan ta haramta ciniki da su, daga baya kuma aka ɗauko sojojin haya daga Jamus. A nan ne fata ya yanke.

Sai dalilin da aka fi mantawa da shi, wanda a ganina ya fi kowanne bayyana abin da ya sa sai da aka rubuta sanarwar 'yancin kai a hukumance. Suna matuƙar buƙatar makamai, kuɗi da jiragen ruwan yaƙi, Faransa kuwa ba za ta fito fili ta ƙulla ƙawance da talakawan wani sarki da ka iya shiryawa da shi gobe ba. Suka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa ranar 2 ga Yulin 1776, suka amince da rubutun sanarwar ranar 4. Faransa ta sa hannu kan ƙawancen a Fabrairun 1778.