Miƙa wuya ga nufin Allah a Kiristanci

Miƙa wuya ga nufin Allah, a koyarwar Kirista, shi ne mutum ya sallama abin da ransa ke so, ya karɓi abin da Allah ya nufa, da yardarsa ba bisa tilas ba. Abubuwa uku ne ake ambata tare da shi: bangaskiya, dogara da biyayya. Katolika da Otodoks da Furotesta duk sun yarda da shi, kuma duk wuri guda suke komawa idan za su bayyana shi, wato addu'ar da Yesu ya yi a lambun Getsamani a daren da aka kama shi. Inda aka yi ta kai ruwa rana tsawon ƙarnuka shi ne iyakarsa: a ina miƙa wuya ya tsaya, a ina kuma naɗe hannu ya fara.

Kalmomi

A Ibrananci, kalmar da ake fassarawa da biyayya ita ce shama, wadda asalin ma'anarta ji. A Helenancin Sabon Alkawari ma kalmar biyayya daga tushen ji ta fito. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda yake kiran ɗa mai biyayya "mai jin magana", gagararre kuma "mai kunnen ƙashi". Kalmar bangaskiya a Ibrananci, emuna, tushenta ɗaya da amin da amana.

Akwai kuma hoton wuya. Da Isra'ilawa suka ƙera ɗan maraƙin zinariya, an kira su da lafazin da ke nufin masu taurin wuya (Fitowa 32:9), kamar takarkarin da ya ƙi a ɗora masa karkiya. Yesu ya ɗauko hoton ta ɗaya gefen, inda ya ce a ɗauki karkiyarsa domin mai sauƙi ce (Matiyu 11:29-30).

Tsohon Alkawari

Ibrahim ne abin misali na farko. Ya bar ƙasarsa ba tare da sanin inda za shi ba (Farawa 12), aka lasafta masa bangaskiyarsa adalci (Farawa 15:6), daga baya ya ɗauki ɗansa zuwa ƙasar Moriya don hadaya (Farawa 22). A Littafi Mai Tsarki Ishaku ne ɗan; yawancin malaman Musulunci suna cewa Isma'ila ne. Sai dai Ibrahim ɗin nan ne kuma ya tsaya yana roƙon rangwame a kan Saduma, daga adalai 50 har aka sauko zuwa 10 (Farawa 18). Ayuba ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, amma bai yi shiru daga nan ba, surori da yawa ya yi yana kuka yana neman a ba shi dalili. Masu sharhi sukan kafa hujja da waɗannan biyun cewa miƙa wuya bai hana tambaya ba.

A Daniyel 3, samari uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, kuma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Annabi Sama'ila ya gaya wa sarki Saul cewa biyayya ta fi hadaya (1 Sama'ila 15:22).

Getsamani

Sunan yana nufin wurin matsar man zaitun. Lambu ne a gindin Dutsen Zaitun, a ƙetaren kwarin Kidron, gabas da Urushalima. Abin ya faru wajen shekara ta 30 ko ta 33 miladiyya. Masana ba su tsaya a kan guda ba. Matiyu, Markus da Luka duk sun kawo labarin. Bayan jibin Idin Ƙetarewa, Yesu ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya, ya ce musu ransa na cikin matsanancin baƙin ciki, ya ɗan matsa gaba ya faɗi ƙasa. Ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahalar, sannan ya ce ba nufinsa ba, sai na Uban za a bi. Sau uku ya yi, in ji Matiyu, kuma idan ya dawo sai ya tarar da almajiran barci ya kwashe su. Markus ya adana kalmar da Yesu ya kira Allah da ita a harshen Aramiya, Abba. Luka ya ƙara cewa guminsa ya zama kamar ɗigon jini, ko da yake waɗannan ayoyi babu su a wasu daga cikin tsofaffin kofe-kofen littafin.

Jerin da addu'ar ta bi shi ne abin da malamai suka fi riƙewa: roƙo ne ya fara zuwa, sallamawa ta biyo baya. Yesu bai ɓoye cewa ba ya son ƙoƙon ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce ya koyi biyayya ta wurin wahalar da ya sha (5:8), Manzo Bulus kuma ya ce ya yi biyayya har mutuwa ta gicciye (Filibiyawa 2:8). Addu'ar Ubangiji, wadda ake karantawa a yawancin majami'u kowace Lahadi, tana ɗauke da roƙon a aikata nufin Allah a duniya kamar yadda ake yi a sama. Amsar Maryamu ga mala'ika Jibra'ilu, cewa ita baiwar Ubangiji ce, ya zamar mata yadda ya faɗa (Luka 1:38), tana da babban matsayi musamman a wurin Katolika da Otodoks.

Rigimar nufi biyu

A ƙarni na 7 addu'ar Getsamani ta zama maganar siyasa. Sarki Hirakal na daular Rum ta gabas yana neman haɗa kan Kiristocin Masar da Sham da na Konstantinoful, waɗanda suka rabu a kan Allahntaka da mutuntakar Almasihu tun taron shugabannin coci na Kalsidon a 451. A 638 ya fitar da doka cewa Almasihu nufi ɗaya ne da shi. Wani malamin zuhudu mai suna Maksimus ya ƙi. Hujjarsa ita ce Getsamani: idan babu nufi na ɗan Adam a cikin Yesu, to wane nufi ne ya sallama da ya ce "ba nufina ba"? Ai sai da abin miƙawa ake miƙawa. Fafaroma Martin na I ya goyi bayansa a taron Lateran na 649, aka kama Fafaroman, ya mutu a gudun hijira a 655. Maksimus kuma, kamar yadda aka ruwaito, an yanke masa harshe da hannun dama, ya rasu a 662. Taron Konstantinoful na uku, a 680 zuwa 681, ya tabbatar da ra'ayinsa: nufi biyu, na ɗan Adam yana bin na Allahntaka ba tare da gardama ba.

Augustin da masu zuhudu

Augustin (354-430), bishop na Hippo, garin da yake Annaba a Aljeriya ta yau, ya yi wata addu'a inda ya roƙi Allah ya ba shi ikon yin abin da ya umarta, sannan ya umarci duk abin da ya ga dama. An ce da aka karanta wannan a Roma wajen 405, wani malami ɗan Birtaniya mai suna Felajiyus ya fusata, domin a ganinsa maganar tana cire wa mutum alhakin aikinsa. Taron Kartej na 418 ya bi Augustin: ita kanta biyayyar sai da alherin Allah take samuwa.

A hamadar Masar, masu zuhudu sun mai da biyayya horo na yau da kullum, ta hanyar bin wani dattijo. Ana ba da labarin Yahaya Gajere, wanda malaminsa ya kafa busasshiyar sanda a ƙasa ya ce ya riƙa yi mata ban ruwa, alhali rijiyar tana da nisa sosai. Ya yi ta yi har shekara uku, sandar ta yi toho ta ba da 'ya'ya. Dokar da Benedik ya tsara wa gidajen zuhudu a Italiya, wajen tsakiyar ƙarni na 6, ta fi wannan sassauci: wanda aka umarta da abin da ya fi ƙarfinsa yana da damar ya je ya yi wa shugaba bayani cikin ladabi, in shugaban ya nace sai ya bi. Ignatiyus na Loyola, wanda aka amince da ƙungiyarsa ta Jesuwit a 1540, ya ce mai biyayya ya zama kamar gawa. Sufaye ma suna da irin wannan misali, na muridi a hannun shehinsa kamar gawa a hannun mai wanka.

Masu shiru

Babbar rigima a kan iyakar miƙa wuya ta tashi a ƙarshen ƙarni na 17. Migel de Molinos, firist ɗan Sifaniya mazaunin Roma, ya wallafa littafin jagorar ruhaniya a 1675, ya samu karɓuwa har a fadar Fafaroma. Koyarwar da aka jingina masa ita ce cikakken mai miƙa wuya ya daina duk wani yunƙuri: kada ya roƙi komai, kada ya damu da aljanna ko wuta, kada ma ya yi kokawa da jaraba. Masu wannan ra'ayi su ake kira masu shiru. An kama shi a 1685. A 1687 Fafaroma Innosan na XI ya haramta maganganu 68 daga koyarwarsa, ya mutu a kurkuku a 1696. Masana na yau sun rabu a kan ko ya koyar da dukan abin da aka ɗora masa.

Wutar ta tsallaka Faransa ta hannun Madam Guyon, bazawara mai dukiya wadda ta koyar da ƙaunar Allah da ba ta neman lada. Fenelon, babban bishop na Kambre, ya kare ta. Bosuwe, bishop na Mo, ya ja daga da su duka biyun, kuma Sarki Luwi na XIV yana bayansa. An tsare matar daga 1695, ta yi shekaru a gidan yarin Bastil, sai 1703 aka sake ta. A 1699 Fafaroma Innosan na XII ya haramta maganganu 23 daga littafin Fenelon. Fenelon ya karɓi hukuncin a fili ba tare da jayayya ba, wato mutumin da ake tuhuma a kan miƙa wuya ya nuna shi a aikace. Daga nan matsayin Katolika ya zauna: sallamawa ba ta soke roƙo, ko begen ceto, ko yaƙi da zunubi.

Sananniyar addu'ar sallamawa ta Katolika a yau an ciro ta ne daga rubuce-rubucen Sharl de Fuko, tsohon sojan Faransa da ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasset daga 1905 har aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916. An ayyana shi waliyyi a 2022.

Furotesta

Martin Luta, jagoran farko na Furotesta, ya ce bangaskiya ce kaɗai ke baratar da mutum, wato ta sa Allah ya lasafta shi mai adalci, biyayya kuwa 'ya'yan itacen ce, ba saiwarsa ba. Anabaftis, masu yi wa manya kaɗai baftisma, waɗanda suka ɓullo a Zurik a 1525, sun ɗauko tsohuwar kalmar Jamusanci Gelassenheit, wato sakin kai ga Allah, suka ba ta ma'ana ta zahiri: ƙin ɗaukar makami, ƙin ramuwa, da haƙuri da tsanani. An nutsar da ɗaya daga shugabanninsu, Feliks Manz, a kogin Limmat a Janairun 1527. Jon Wesli, wanda ya kafa Metodis, ya fara taron sabunta alkawari a Landan a 1755, kuma 'yan Metodis suna yin sa har yau a farkon shekara, inda mai ibada yake furta cewa shi ba na kansa ba ne, na Allah ne. Taron Kezik da aka fara a Ingila a 1875 ya yaɗa wa'azin cikakkiyar sallamawa, ya kuma tura matasa da yawa aikin mishan.

A ƙasar Hausa da maƙwabta

Kiristoci masu jin Hausa suna cewa Allah, suna cewa "in Allah ya yarda", lafazin da ya yi daidai da umarnin Yakubu 4:15. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Dakta Walta Mila na Zariya yana cikin manyan masu fassarar. Mishan ɗin da ya haifi cocin ECWA ya fara ne da mutum uku da suka sauka Legas a 1893 bisa tsarin dogara ga Allah ba tare da tabbacin albashi ba. Biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, sun rasu a 1894, Roland Bingham ne kaɗai ya koma gida.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ita ce ta gaji al'adar Anabaftis kai tsaye. Uwar ɗarikar ta fara a ƙauyen Shwarzenau na Jamus a 1708 da mutum takwas, 'yan mishan ɗinta kuma suka yi sujadarsu ta farko a ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida a Maris 1923. Rikicin Boko Haram ya gwada koyarwarta ta ƙin ramuwa: yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma an mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi, a Oktoban shekarar.

Saɓani

Masu suka suna cewa an sha fakewa da wannan koyarwa don rufe bakin bayi, mata da talakawa. Masu kare ta suna kawo maganar Bitrus a gaban majalisar Yahudawa, cewa wajibi ne a fi yi wa Allah biyayya a kan mutane (Ayyukan Manzanni 5:29). Mabiya Kalvin da mabiya Arminiyus, malaman Furotesta biyu, har yau ba su daidaita ba a kan ko mutum yana iya ƙin alherin da ke sa shi miƙa wuya. A wasu majami'un Fentikos ana koyar da cewa ƙara "in nufinka ne" a addu'ar neman warkarwa alamar raunin bangaskiya ce. Sauran ɗariku ba su yarda da haka ba.