Ƙananan jiragen yaƙi masu harba tofido da sunayensu

Jirgin tofido mai inji ƙaramin jirgin ruwan yaƙi ne mai tsananin gudu, wanda aka ƙera domin ya kusanci babban jirgin abokan gaba, yawanci da daddare, ya harba masa tofido, ya tsere kafin a mayar masa da wuta. Tofido makami ne mai injinsa da farfelarsa, wanda ke tafiya cikin ruwa har ya daki jirgi a ƙasa da layin ruwa. Injiniyan Ingila Robert Whitehead ne ya ƙera irinsa na farko mai aiki a garin Fiume, wato Rijeka ta ƙasar Kuroshiya a yau, a 1866. Da samuwarsa, ƙaramin jirgi mai araha ya sami damar nutsar da jirgin da aka kashe dukiya mai yawa wajen ginawa. Tsoron haka ne ya sa aka ƙirƙiro jirgin da ake kira distiroya, wanda asalin sunansa na nufin mai hallaka jiragen tofido.

Italiya ce ta fara nuna abin da irin wannan jirgi zai iya yi. Sunansa a can MAS, gajarcen kalmomin Italiyanci masu nufin kwale-kwale mai inji ɗauke da tofido. Ranar 10 ga Yuni, 1918, kusa da tsibirin Premuda a tekun Adriyatik, hafsan sojan ruwan Italiya Luigi Rizzo, da jirginsa MAS 15, ya nutsar da Szent István, katafaren jirgin yaƙin daular Ostiriya da Hangari. Har yau ranar ce sojojin ruwan Italiya suke bikin ranarsu.

A Yaƙin Duniya na Biyu kowace ƙasa da sunan da ta ba nata. Ingila ta raba su biyu: MTB mai ɗauke da tofido, da MGB wanda aka cika shi da bindigogi don farautar takwarorinsa na Jamus. Kamfanonin Vosper da British Power Boat ne suka ƙera da yawa daga cikinsu, sai kuma samfurin jirgi mai suna Fairmile D, mai tsawon ƙafa 115, da ya iya yin ayyukan biyu.

Na Jamus sun fi kowanne shiga ruɗanin suna. Jamusawa suna ce masa Schnellboot, wato jirgi mai sauri, su gajarta shi S-Boot, lambobinsa ma da S suke farawa. Turawan Ingila kuwa suka riƙa kiransa E-boat, aka fi danganta harafin E da kalmar maƙiyi a Turanci, kuma wannan suna na abokan gaba shi ya fi yaɗuwa a littattafai. Kamfanin Lürssen na Bremen ya ɗauko tsarinsa daga wani jirgin shaƙatawa mai suna Oheka II da ya gina a 1927. Tsawonsa kusan mita 35, injuna uku na dizal, gudunsa ya haura kilomita 70 a awa. Ta fuskar ƙira, da wuya a ce wani ya kamo shi: ƙasansa mai zagaye yana jure igiyar Tekun Arewa, dizal kuma ba ya kama wuta da sauri kamar fetur. Mafi munin ɓarnarsa ta auku a daren 28 ga Afrilu, 1944, lokacin da jirage tara suka afka wa ayarin Amurka da ke atisaye a Lyme Bay, a gaɓar kudancin Ingila, don shirin sauke sojoji a Normandi ta Faransa. Suka nutsar da jiragen dakon soja biyu, Amurkawa 749 suka mutu.

Amurka ta kira nata PT, daga kalmomin sintiri da tofido, aka kuma yi musu laƙabi da rundunar sauro. Kamfanin Elco ya yi mai tsawon ƙafa 80, kamfanin Higgins kuma mai ƙafa 78. Ana yawan cewa da filawud aka yi su, amma jikinsu katakon mahogani ne hawa biyu. Injunan Packard uku suke da su, masu shan man jirgin sama, abin da ya ba su gudu ya kuma mai da su tamkar tankin fetur a tsakiyar faɗa. PT-41 na John Bulkeley shi ya fitar da Janar Douglas MacArthur daga tsibirin Corregidor na Filifin, wanda sojojin Japan suka yi wa ƙawanya, a Maris 1942. PT-109 kuma, wanda John F. Kennedy, da ya zama shugaban Amurka daga baya, ke jagoranta, distiroyar Japan mai suna Amagiri ta ratsa shi a tsibiran Solomon ranar 2 ga Agusta, 1943, mutum biyu suka rasu. Waɗannan labarai biyu sun rufe ainihin aikin da PT ya fi yi. Manyan jirage kaɗan ya nutsar, tofidonsa na farkon yaƙi ma ba su da tabbas. Amfaninsa na gaske shi ne tare kwale-kwalen dakon da Japan ke kai wa sojojinta abinci da harsashi da su cikin dare, shi ya sa aka yi ta ƙara masa bindigogi. Da yaƙi ya ƙare aka ƙone da yawa a gaɓar Samar ta Filifin, tunda gyaran jikin katako ba ya biyan kuɗinsa.

Bayan yaƙi makami mai linzami ya maye gurbin tofido. Ranar 21 ga Oktoba, 1967, ƙananan jiragen Masar samfurin Komar, ƙirar Tarayyar Sobiyat, suka nutsar da distiroyar Isra'ila mai suna Eilat da makamai masu linzami kusa da Port Said. Tsofaffin sunayen suka ja baya, yanzu kuma a takardun sojan ruwa an fi haɗa dangin duka a ƙarƙashin FAC, wato jirgin kai hari mai sauri.