Tara ƙananan sulallan jan ƙarfe na tsohuwar Jamus

Wannan reshe ne na tara tsofaffin kuɗi da ya shafi ƙananan sulallan canji da aka buga a ƙasashen Jamus daga ƙarni na 16 zuwa rushewar Daular Roma Mai Tsarki a 1806. A lokacin babu kuɗi guda na ƙasa. Sarakuna, manyan limaman coci da birane masu cin gashin kansu, kowa na buga nasa. Waɗanda aka fi samu su ne pfennig, heller da kreuzer. A kudancin Jamus heller biyu ne pfennig ɗaya, pfennig huɗu kreuzer ɗaya, kreuzer 60 kuma gulden ɗaya, amma a arewa lissafin daban ne.

Da farko har ƙaramin canji da azurfa ake yin sa, ko da gauraye. Biranen yankin Westfalen na yammacin Jamus irin su Münster da Soest na cikin waɗanda suka fara buga jan ƙarfe zalla a rabi na biyu na ƙarni na 16. Tsakanin 1619 da 1623, a farkon Yaƙin Shekara Talatin, gidajen buga kuɗi suka yi ta rage azurfa har wasu sulallan suka koma jan ƙarfe kusan tsantsa. Ana kiran zamanin Kipper und Wipper. Kuɗinsa sirara ne, bugunsu na gaggawa, wasu gefe ɗaya kawai aka buga.

Babban aikin mai tarawa shi ne gane inda sulai ya fito, domin sau da yawa babu sunan gari a jiki. Tambari ake bi: ƙafar keke ta Mainz ce, mabuɗi na Bremen, doki mai tsalle na gidan sarautar Braunschweig-Lüneburg, ƙaton mutumin daji riƙe da itace kuma na yankin ma'adinan Harz. Sai a duba ƙananan haruffa a ƙasa, waɗanda ke nuna shugaban maƙerar. Daga 1750 Prusiya ta koma ba kowace maƙera harafi, Berlin ta sami A. Shekarar ma tana ruɗarwa, don akan rubuta 2 kamar Z, wani lokaci a bar lambobin farko. Bayan haka a auna nauyi da sikeli mai nuna 0.01 na giram, a auna faɗi da milimita, a gwada da kundin masu tarawa. Sabon shiga yakan ɗauki ƙarafan lissafi masu kama da sulalla na birnin Nürnberg a matsayin kuɗi, alhali don ƙidaya aka yi su, ba don cefane ba. Sulai mai ɗan lanƙwasa kuwa ba lallai ne ya lalace ba, injin naɗi ne ya fitar da shi haka.

'Yan kasuwar Jamus na rarraba kyau da gajerun haruffa: s, ss, vz da st, daga wanda ya sha hannu zuwa wanda bai taɓa yawo ba.

Goge ƙarfen ne ke kashe darajar waɗannan sulalla. Launin ƙasa-ƙasa da ya rufe su kariya ne, lemun tsami ko man goge ƙarfe na cinye shi, a bar fuska ja mai ramuka. Kore mai tauri da santsi a ƙyale shi. Kore mai haske da ke zuba kamar gari shi ne cutar: gishirin kuloraid ne ke haɗuwa da laima yana cin ƙarfen, dole a ware sulan daga sauran a ajiye shi wuri busasshe. Ledar PVC mai laushi tana barin kore mai danƙo, wanda sinadarin asiton ke cirewa. Ana riƙe sulai ta gefe, a adana shi cikin ambulan takarda marar asid.