Sita ta Ramayana: matar da Indiya ke misali da ita, da ɓangaren labarinta da ake tsallakewa

A gidajen mabiya addinin Hindu, idan za a yabi mace kan riƙon aure da haƙuri, ana kamanta ta da Sita. Iyaye na yi wa amarya fatan ta zama kamarta, mawaƙa sun shafe ƙarnuka suna rera labarinta. Ga amsoshin wasu tambayoyi game da wannan mata, da yadda aka gina martabarta, da abin da tsohuwar waƙar ta faɗa a kanta.

Wace ce Sita, kuma a ina labarinta yake?

Ita ce jarumar Ramayana, doguwar waƙar harshen Sanskirit da ake jingina ta ga wani mawaƙi mai suna Walmiki. Waƙar na da baitoci kusan 24,000 da aka kasa zuwa littattafai bakwai. Manazarta sun ce ba a rana ɗaya aka tsara ta ba, an fara ta ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka ci gaba da yi mata ƙari har farkon ƙarnukan miladiyya. Ita da Mahabharata su ne manyan waƙoƙin tarihi biyu na Hindu.

A cikin labarin, Sarki Janaka na Mithila yana huɗa da garma don shirya wurin ibada sai ya tsinci jaririya a cikin ƙasa. Ya ɗauke ta ya rene ta a matsayin 'yarsa, shi ya sa ake ɗaukarta 'yar ƙasa. Yau garin Janakpur a Nepal da yankin Sitamarhi a jihar Bihar ta Indiya duk suna danganta kansu da asalinta.

Mene ne ya faru da ita?

Janaka ya sa sharaɗi cewa ba mai auren Sita sai wanda ya iya ɗaga wani ƙaton baka na abin bautarsu Shiwa ya ɗaura masa tsirkiya. Sarakuna sun gwada sun kasa. Rama, babban ɗan Sarki Dasharatha na Ayodhya, ya ɗaga shi ya tanƙwara har ya karye. Aka ɗaura aure.

Ana gobe za a naɗa Rama magajin sarauta sai Kaikeyi, kishiyar mahaifiyarsa, ta tuna wa sarki alkawura biyu da ya taɓa yi mata. Ta nemi a naɗa ɗanta Bharata, a kori Rama zuwa daji shekara 14. Rama ya karɓa don kada maganar mahaifinsa ta faɗi ƙasa. Sita ta bi shi, haka ma ƙanensa Lakshmana.

A ƙarshe-ƙarshen zaman dajin, Rawana sarkin dodanni na Lanka, mai kai goma, ya ƙulla sace ta, bayan Lakshmana ya yanke wa 'yar uwarsa Shurpanakha hanci. Ya tura wani dodo mai suna Maricha cikin siffar barewar zinariya. Sita ta gan ta ta nemi a kamo mata, Rama ya bi ta, daga baya Lakshmana ma ya bi sawunsa. Rawana ya zo da shigar mai bara don ibada, ya sungume ta ya tafi da ita Lanka. Ta shafe kusan shekara guda a tsare cikin wani lambu, dodanni mata na gadinta, har Hanuman, jarumin birai, ya gano inda take. Rama ya ƙetara teku da rundunar birai, aka gwabza yaƙi, ya kashe Rawana.

Me ya sa aka ɗauke ta madubin matan aure?

Abubuwa uku ne mutane suka fi riƙewa. Ta bar fada da kayan alatu ta bi mijinta daji ba tare da an tilasta mata ba. A hannun Rawana an yi mata tayin mulki da dukiya, aka yi mata barazanar kisa, ya ma yanke mata wa'adin wata 12, ba ta ko kalle shi ba. Waƙar ta ce idan zai yi mata magana sai ta ajiye tsinken ciyawa tsakaninta da shi, ta amsa masa ta bayan tsinken. Sannan duk wahalar da ta sha ba ta sauya zuciyarta game da Rama ba.

Hindu na kiran irin wannan mace patiwrata, wato wadda ta ɗauki amanar mijinta a matsayin alwashi na addini. A fahimtarsu wannan alwashi yana ba mace ƙarfi na musamman, ta yadda wuta ba ta ƙona ta, addu'arta kuma ba ta faɗuwa. Lokacin da dodanni suka cinna wa wutsiyar Hanuman wuta, Sita ce ta roƙi wutar ta yi masa sanyi saboda amincinta ga mijinta, kuma waƙar ta ce hakan aka yi.

To ke nan mace ce mai shiru, wadda sai abin da aka ce mata?

Nan ne hoton da aka saba yaɗawa ya rabu da waƙar Walmiki, kuma a ganina nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa.

Tun a maganar zuwa daji, Rama ba ya son ta bi shi. Ya ce ta zauna ta kula da iyayensa, ya lissafa mata macizai da zakuna da ƙaya da kwana a ƙasa. Sita ta kafe kai da fata. Da ta ga lallashi bai yi ba sai ta caccake shi, ta ce me mahaifinta zai ɗauka idan ya ji surukin da ya samu mace ce a jikin namiji. Rama ne ya sauko. Biyayyar da ake yabonta da ita ta fara ne da ƙin bin maganar mijinta.

A daji kuma ita ce ta zaunar da shi ta yi masa nasiha kan makami. Ta ce tana tsoron yawo da baka da kibiya zai ja shi ga kashe waɗanda ba su tsokane shi ba, ta ba shi labarin wani mai ibada da aka ba shi ajiyar takobi, riƙon takobin ya sauya masa hali a hankali har ya lalace. Rama bai bi shawararta ba, amma ya saurare ta, ya kuma yaba mata.

Da Hanuman ya same ta a Lanka ya nuna mata zoben Rama, ya yi tayin goya ta ya tsallake teku da ita. Ta ƙi. Ta ce ba za ta taɓa jikin wani namiji da son ranta ba, kuma Rama ne ya kamata ya zo ya ci Lanka da yaƙi ya ɗauke ta a idon duniya. Ta kwance wata ƙawar kai da ta ɗaure a tufafinta ta ba shi ya kai shaida. Bayan an ci yaƙi, Hanuman ya nemi izini ya hallaka dodanni matan da suka gallaza mata. Ta hana shi, ta ce bayi ne masu bin umarnin ubangidansu, kuma babu wanda ba ya kuskure. Wannan wuri yana cikin mafi kyau a waƙar gaba ɗaya, amma ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana wa'azi da sunanta.

Walmiki bai ɓoye aibinta ba. Lokacin da Maricha ya kwaikwayi muryar Rama yana neman agaji, Lakshmana ya ƙi tafiya saboda an bar masa tsaronta. Sita ta zarge shi da cewa so yake wansa ya mutu ya same ta. Wannan mummunar magana ce ta kore shi daga wurin, ita ce kuma ta buɗe wa Rawana ƙofa. Layin nan da ake cewa Lakshmana ya zana a ƙasa ya ce kada ta tsallake, wanda har yau ake misali da shi a Indiya, ba ya cikin waƙar Walmiki. Marubutan baya ne suka kawo shi, kuma zuwansa ya sa laifin sace ta ya ƙara karkata a kanta.

Mene ne batun shigarta wuta?

Bayan mutuwar Rawana aka kawo ta gaban Rama cikin taro. Maimakon murna sai ya ce ya yi yaƙin ne don wanke mutuncin gidansu, macen da ta zauna a gidan wani ba zai karɓe ta ba, ta tafi duk inda take so. Sita ta amsa masa tana kuka, ta ce yana yi mata magana irin ta gama-garin mutum ga gama-garin mace, ta ce jikinta ne aka kama da ƙarfi, zuciyarta da take da iko da ita ba ta bar shi ba. Ita da kanta ta umarci Lakshmana ya haɗa wuta, ta shiga. Agni, abin bautarsu na wuta, ya fito da ita ko gashinta bai ƙone ba, ya shaida tsarkinta. Rama ya ce tun farko ya sani, yana son duniya ce ta gani.

Masu kare Rama suna cewa sarki ba shi da ikon bin son zuciyarsa idan jama'a na shakka. Wasu Hindu masu ƙaunarsa kuwa har yau wannan wuri yana ci musu tuwo a ƙwarya.

Daga nan sai zaman lafiya?

Sun koma Ayodhya aka naɗa Rama, kuma wannan dawowa ce mutanen arewacin Indiya ke tunawa a bikin fitilu na Diwali. Amma littafi na bakwai ya ci gaba. Tsegumi ya tashi a gari cewa sarki ya mayar da matar da ta kwana a gidan dodo. Rama ya sa Lakshmana ya kai ta bakin kogin Ganga ya bar ta, alhali tana da juna biyu, ba a kuma gaya mata gaskiya ba sai da suka isa. Mawaƙin da kansa, Walmiki, ya ba ta mafaka, ta haifi tagwaye, Lawa da Kusha, ta rene su a daji.

Da yaran suka girma suka rera waƙar Ramayana a gaban Rama, ya gane 'ya'yansa ne, ya aika a kawo uwarsu ta sake rantsuwa a gaban jama'a. Ta zo, ta ce idan ba ta taɓa tunanin wani namiji ba sai Rama, to uwarta ƙasa ta buɗe ta karɓe ta. Ƙasa ta tsage ta shige. Rantsuwar ta wanke ta, amma ba ta koma gidan ba. Rama bai sake aure ba, yakan ajiye mutum-mutuminta na zinariya a gefensa lokacin manyan ibadu.

Manazarta da dama na ganin wannan littafi na bakwai ƙari ne da aka yi daga baya.

Duk masu ba da labarin sun tafi a kan haka?

A'a. Ramayana ta yaɗu cikin harsuna masu yawa, kowane mai faɗa ya gyara inda ya dame shi. Kamban ya rubuta tasa da Tamil wajen ƙarni na 12. Tulsidas, wanda ya fara tasa da harshen Awadhi a 1574, ya ce ainihin Sita an ɓoye ta cikin wuta tun kafin a sace ta, inuwarta ce Rawana ya ɗauka, shigarta wuta kuma dawo da ta gaskiyar ce. Bai kawo labarin korarta ba. Akwai wata Ramayana ta Sanskirit da Sita ke rikiɗa ta zama abar bautarsu Kali ta kashe wani Rawana mai kai 1,000 bayan Rama ya faɗi sumamme. A Bengal, wata mawaƙiya mai suna Chandrabati a ƙarni na 16 ta ba da labarin ta bakin Sita, yaƙi ya koma gefe, wahalar mace ta zama tsakiya. Labarin ya kai har Tailan da Indonesiya, inda ake kiranta Sida da Sinta.

Hindu suna bauta mata ne?

E. Sun ɗauki Rama a matsayin bayyanar abin bautarsu Wishnu, Sita kuma bayyanar matarsa Lakshmi. A wuraren ibadarsu ana ajiye siffarta kusa da ta Rama, kuma gaisuwar da aka daɗe da ita a arewacin Indiya tana sa sunanta gaba da nasa.

Yaya matan Indiya ke kallonta a yau?

Ra'ayi ya rabu. Mahatma Gandhi ya riƙa kawo ta misali ga mata a gwagwarmayar neman 'yanci, yana nuna yadda ta tsaya wa Rawana ba makami. Shirin talabijin na Ramayana da Ramanand Sagar ya shirya, wanda gidan Doordarshan ya nuna daga 1987 zuwa 1988 ya shigar da hoton Sita mai sunkuyar da kai cikin miliyoyin gidaje, har Dipika Chikhlia da ta fito a matsayinta ta ci zaɓen majalisar tarayya a 1991. Masu fafutukar haƙƙin mata da yawa na cewa an yi amfani da sunanta wajen rufe wa matan da ake zalunta baki. Wasu matan kuma na cewa ba Sita ce matsalar ba, ita ce ta fi kowa tsayuwa a labarin, kuma ita ce ta yanke hukuncin ƙarshe.

A Mithila, inda suke ɗaukarta 'yar gida, ana shagalin tunawa da aurenta kowace shekara a Janakpur. Duk da haka akwai iyalai a yankin da ba sa aurar da 'ya'yansu mata a wannan rana, saboda abin da auren ya jawo mata.

Shin masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun taɓa haɗuwa da ita?

Sun haɗu da inuwarta sau da yawa, ko da ba a faɗi sunan ba. Matar kirki da ake yi wa ƙazafi a kore ta daga gidan miji, ta rene 'ya'ya cikin wahala, daga baya gaskiya ta fito, tsari ne da fina-finan Indiya suka maimaita shekara da shekaru, kuma daga wannan labari ya samo ƙarfinsa. A wani fim na 1972 da Hema Malini ta fito a matsayin tagwaye, mai sanyin halin da dangi ke azabtarwa ita aka raɗa wa suna Sita, mai tsiwa da ƙwatar kai aka ba ta wani sunan daban. Masu fim sun raba hali biyu tsakanin mata biyu, alhali a waƙar Walmiki mace ɗaya ce ke ɗauke da su duka.