Ƙwallon dusar ƙanƙara na ulu

Ƙwallon dusar ƙanƙara na ulu wani curi ne mai laushi da ake yi da farin zaren ulu, girmansa kamar na lemon zaƙi, wanda yara ke jifan juna da shi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Kwaikwayo ne na wasan yaran Turai da Amurka, waɗanda ke cura dusar ƙanƙara da hannu su yi ta jefe-jefe a waje. Na ulu ba ya narkewa, ba ya jiƙa shimfiɗa, kuma ko a fuska ya sami yaro ba ya yi masa ciwo. A wajen masu saƙa tuntu ne kawai, irin wanda ake ɗorawa a kan hular jarirai, sai dai an ƙara masa girma.

Asali

Tuntun ya girmi wasan ƙwallon ulu nesa ba kusa ba. Sunan da aka fi saninsa da shi a Turai, pompon, kalmar Faransanci ce da ta yaɗu wajen ƙarni na 18, lokacin da ake kiran ƙananan kayan adon gashi da na hula da ita. A zamanin Napoleon, sarkin Faransa, sojojin ƙasa na Faransa suna sa shi a kan dogayen hulunansu, kuma launinsa ne ke nuna rukunin da soja yake. Sojojin ruwan Faransa suna da jan tuntu a tsakiyar hula tun ƙarni na 19 har yau, mutanen ƙasar ma suna camfa cewa taɓa shi na kawo sa'a. Akwai saɓani kan dalilin sa shi: wasu sun ce don kare kai daga bugun rufin jirgi ne, wasu sun ce hanya ce ta tattara ƙarshen zaren saƙa. Hular gargajiya ta Sikotilan ita ma da jan tuntu take zuwa, haka hular wasu limaman Katolika.

Wasu na mayar da tarihin can baya, zuwa wani ɗan gunkin tagulla mai hula da aka tono a Suwidin a 1904. Ba kowa ya yarda cewa abin da ke kan hular tuntu ba ne.

Ana yawan cewa ya shiga gidajen talakawa sosai a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, domin da guntattakin zaren da ya rage ake yin sa. Bahaushe dai ba baƙon tuntu ba ne, ga shi nan a kan jar dara da kayan dawaki. Makiyayan Larabawa ma suna ƙawata raƙuma da shi, cikin saƙar Sadu da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin kayan gado na Saudiyya da Kuwait a 2020.

A Saudiyya

Yaran Hausawan Saudiyya ba kasafai suke ganin dusar ƙanƙara ta gaske ba. Yawancin Hausawan ƙasar a Makka da Madina da Jidda suke, kuma da yawansu jikokin alhazai ne da masu hijirar da ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. A Makka ko a watan Janairu zafin rana kan kai kusan digiri 30, saboda haka yaron unguwar Shari' Mansur a waya ko talabijin yake ganin dusar ƙanƙara. Wanda yake son taɓa ta sai ya nufi arewa, dutsen Lauz a yankin Tabuk, mai tsayin kimanin mita 2,580, inda takan sauka a wasu shekarun tsakanin Disamba da Fabrairu. A shagunan kayan ɗinki na ƙasar ana kiran zaren da sunan suf, ko da na roba ne ba gashin tumaki ba.

Yadda ake yi

Ana bukatar farin ulu mai kauri, almakashi mai kaifi da guntun kwali mai faɗin kamar yatsu huɗu. A naɗe zaren a jikin kwalin sau ɗari ko fiye, gwargwadon kaurinsa. A zare kwalin, a ɗaure tsakiyar naɗin tamau da wani zare mai ƙarfi, ƙulli biyu. Nan ne aikin yake: in ɗaurin ya yi sako-sako, jifa biyu uku sai ƙwallon ya fara zubar da gashi. Daga nan a yanke lanƙwasar zaren ta gefe biyu, a girgiza, a bi da almakashi ana aske shi har ya zagaye. Wasu da yatsunsu suke naɗin, wasu da zobban kwali biyu, wanda ya fi ɗaukar lokaci amma ya fi fitar da curi mai cika.

Wasa

A raba yara gida biyu, kowane ɓangare ya fake bayan matasan kai. Akwai kuma jifa cikin kwando ko bokiti daga nesa.

Kulawa

Da hannu ake wanke shi, a ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Ba a barin sa a hannun jariri, domin yakan tsinko zaren ya kai baki.